Kyamarar Baƙo da Sirrin Gida: Tsofaffin Finafinai kan Mata da Aure, daga Tasawa zuwa Damargu

A cikin tarihin silima akwai wani rukunin finafinai da manyan littattafai ba su cika tsayawa a kansa ba. Finafinai ne masu arha, waɗanda ake shiryawa cikin gaggawa, kuma jarinsu guda ɗaya ne: su nuna wa mai kallo abin da tarbiyyar gidansu ta hana shi kallo. Tsiraici, zina, karuwanci, kaciya, namiji cikin shigar mata, duk abin da ake sassauta murya idan za a ambace shi, shi ne hajarsu. Masana a Turai da Amurka sun raɗa musu suna mai ma'anar cin gajiya. Da Hausa ana iya kiran su finafinan ci da tsiraici, kamar yadda ake cewa ci da ceto ko ci da addini. Yawancinsu sun ɓace daga gidajen silima tun da daɗewa, sai dai a tarar da su a ɗakunan ajiya ko a hannun masu tara tsofaffin kaya.

Mai karatu a Tanut ko Belbeji yana iya ganin wannan zance ya yi nisa da shi, alhali kuwa a ƙofar gidansa yake. Ƙasar da ta shimfiɗu daga Tasawa zuwa Damagaram, ta haura arewa cikin Damargu da kwarin Tarka har bakin Abzin, ta daɗe tana ciyar da idon baƙi. An ɗauki hoton matanta da samarinta, an kai ƙetare, an kalle su a birane masu nisa, su kuwa masu jikin yawancinsu ba su taɓa ganin hoton ba. Daga baya ƴan Nijar suka riƙi kyamara da hannunsu, suka taɓo waɗannan batutuwa na kunya, sai lamarin ya sake kama. Bin sawun wannan tarihi yana nuna cewa batu ɗaya na iya zama haja a hannun wani, ya zama gyaran hali a hannun wani, gwargwadon wanda ya riƙe kyamarar da wanda aka yi fim ɗin dominsa.

Idon baƙo ya riga kyamara

A watan Janairu na 1851 matafiya uku daga Turai, James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg, suka iso Damargu tare da ayarin gishiri na Abzinawa. A ƙauyen Tagelel Richardson ya rabu da ƴan'uwansa ya nufi Damagaram, su kuma suka gangara wajen Tasawa, daga can Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya wuce Katsina da Kano. Barth mutum ne mai lura ƙwarai, kuma ya shaida cewa Damargu ce rumbun hatsin Abzin. Amma ko shi, da ya ratsa zangon Buzayen Tagama a arewacin Damargu, ɗan gajeren zama ya ishe shi ya yanke hukunci a kan ɗabi'ar matan wurin, ya kai wa masu karatunsa na Jamus da Ingila. Matafiyi ya sauka, ya leƙa, ya wuce da labarin matan wasu: wannan ita ce al'adar da kyamara ta zo ta gada.

Ranar 28 ga Oktoba 1924 motoci takwas masu sarƙa na kamfanin Citroën suka tashi daga Colomb-Béchar a Aljeriya da nufin ratsa Afirka. Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil ne suka jagoranci tafiyar, tare da mai shirya fim Léon Poirier, da mai ɗaukar hoto Georges Specht, da mai zane Alexandre Iacovleff. Sun bi ta Yamai, suka yada zango a Tasawa, suka isa Damagaram a watan Disamba, lokacin ita ce babban birnin mulkin mallakar Nijar, sa'an nan suka wuce tafkin Cadi. A Tasawa an zana surar Sarki Barmu, an kuma ɗauki hoton matan gidansa. Fim ɗin tafiyar, La Croisière noire, an fara nuna shi a gidan Opera na birnin Faris a watan Maris na 1926, manyan ƙasa suna zaune. Daga hotunan wannan tafiya kuma Poirier ya fitar da wani ɗan fim dabam mai suna L'Ève africaine, wato Hauwa'un Afirka, wanda aka keɓe shi ga kallon mata.

Duk wanda ya san tsarin gidan sarautar Hausa ya san nauyin abin da ya faru a Tasawa. Baƙo namiji iyakarsa zaure, ko bafade ba ya wuce shigifa sai da dalili. To yaya aka yi ƙofar cikin gida ta buɗe wa Nasara da akwatinsa mai ƙafa uku? Amsar tana cikin lissafin shekaru. Shekara 25 kacal ke nan da rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa wannan ƙasa da wuta da bindiga a 1899, har ta watse a Maijirgi, kusa da Tasawa. Sarkin da ke riƙe da rawani da yardar kwamandan ba shi da bakin cewa a'a ga baƙin kwamandan. Mai kallo a Faris ya ga karimcin sarki da kyawun mata, amma tsoron da ya buɗe ƙofar bai fito a allo ba.

Kasuwar tsiraici da dokokinta

A Amurka wannan sana'a ta kai ga ƙarya tsagwaronta. A 1930 aka fito da Ingagi, fim ɗin da ya yi da'awar cewa wani Baturen Ingila ya gano wata ƙabila a Kwango mai miƙa matanta ga goggon biri. Bincike ya nuna cewa a Los Anjalas aka ɗauki waɗannan wurare, birin ma mutum ne cikin rigar gashi, sauran kuma guntayen tsofaffin finafinai ne aka harhaɗa. Duk da haka jama'a sun yi cincirindo, an kwashi kuɗi. Dokar tace finafinai ta Hays, wadda aka rubuta a 1930 aka tsananta ta a 1934, ta hana nuna tsiraici. Amma finafinan da aka lulluɓe da sunan ilimi ko tafiye-tafiye sukan tsallake shinge, muddin jikin da aka nuna ba na Baturiya ba ne. Ilimi ya zama mayafin da ake rufa wa sha'awa.

A ƙasashen da Faransa ke mulki, shekarar 1934 ɗin nan ce Pierre Laval, ministan ƙasashen mallaka, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta neman izinin gwamna kafin a ɗauki fim a Afirka. Yadda aka yi aiki da dokar ya tona manufarta. René Vautier, saurayi Bafaranshe da ya ɗauki hoton aikin tilas da ƙauyukan da aka ƙone a fim ɗinsa Afrique 50, an yanke masa ɗaurin shekara guda, aka haramta fim ɗin shekaru da yawa. Paulin Soumanou Vieyra da abokansa ba su sami izinin ɗauka a Afirka ba, dole suka yi Afrique-sur-Seine a Faris a 1955. Hoton ƙirjin budurwa a bakin rijiya kuwa bai taɓa damun gwamna ba, har a katin wasiƙa ana sayar da shi.

Samun ƴancin kai bai kashe kasuwar ba. A Italiya, Gualtiero Jacopetti da Paolo Cavara da Franco Prosperi suka fito da Mondo Cane a 1962, fim ɗin da ya ba wa wannan salo duka sunan mondo. Aka bi shi da La donna nel mondo a 1963, kan matan duniya, da Africa addio a 1966. Tagwaye biyu ƴan Milan, Angelo da Alfredo Castiglioni, suka mai da Afirka gonarsu: Africa segreta a 1969, Africa ama a 1971, Magia nuda a 1975, Addio ultimo uomo a 1978, da Africa dolce e selvaggia a 1982. Girkin iri ɗaya ne kullum. A ɗauko kaciya daga wannan ƙasa, daren aure daga waccan, yanka da jini daga wata, a jera su ba tare da mai kallo ya san ina ne ina ba, a ɗora murya mai kama da ta malamin jami'a. Waɗanda aka ɗauka ba su da suna, maganarsu ba a fassara ta, nahiya guda ta koma ƙauye ɗaya marar tufafi.

Gerewol a allon Turai

Inda wannan tarihi ya fi kusantar Damargu shi ne batun Woɗaaɓe, waɗanda Hausawa ke kira Bororo. Makiyayan da ke kai da kawowa a arewacin Tanut, mai nisan kimanin kilomita 150 daga Damagaram, da kwarin Tarka, da Dakwaro, da Abalak har In Gall, suna cikin mutanen da kyamarar waje ta fi bi a Nijar. Henry Brandt ɗan Suwizalan ya zauna da su a 1953 ya yi Les Nomades du soleil. Robert Gardner na jami'ar Harvard ya fito da Deep Hearts a 1981. Hotunan Carol Beckwith sun zaga duniya a 1983. Werner Herzog ɗan Jamus ya yi nasa a 1989.

Adalci ya wajabta a bambanta waɗannan ayyuka da na mondo. Masu su sun zauna da mutane, wasu sun yi watanni, kuma Herzog ya nuna waɗanda fari ya raba da shanunsu suna fama a gefen Arlit. Sai dai kusan dukansu abu ɗaya ya ja su: gerewol. Samari sun jera sahu, fuska ta sha jar ƙasa ko rawaya, ido ya sha kwalli, leɓe ya yi baƙi, gashin jimina a kai, suna zare ido suna bayyana farin haƙori, ƴan mata kuma su fito su zaɓi wanda ya fi kyau. Baturen da ya taso a inda kwalliya ta mata ce ya ga duniya a juye: maza sun yi ado, mata suna zaɓe. Herzog ya buɗe fim ɗinsa da fuskokin masu rawa a ƙarƙashin wani tsohon faifan waƙar coci, abin da ya ɗauke su daga makiyayarsu ya mai da su kamar mafarki. Da waɗannan hotuna suka faɗa hannun gidajen talabijin da mujallu da dillalan yawon buɗe ido, sai aka taƙaita al'umma guda da laƙabin bikin satar mata.

Abin da masu bincike irin su Marguerite Dupire, mai littafin Peuls nomades na 1962, suka bayyana ya fi haka zurfi, kuma makwabtan Woɗaaɓe a Damargu sun san shi tun kafin a rubuta. Gerewol haɗuwa ce ta zuriya biyu a ƙarshen damina, lokacin da ciyawa da ruwa suka ba da damar taruwa, kuma kowace zuriya tana tabbatar wa ɗayar cewa har yanzu hanya ɗaya suke bi. Adon saurayi darajar danginsa ce. Tsayuwar sa'o'i cikin rana gwajin haƙuri ne, abin da suke kira munyal, budurwar da ke zaɓe kuma tana tafiya ne kai a sunkuye, cikin semteende, wato kunya. Aure iri biyu ne a wurinsu: koobgal, wanda iyaye ke ƙullawa cikin dangi tun ana yara, da teegal, wanda mace da namiji ke ƙullawa da kansu. Teegal yana da ƙa'idoji, yana kuma jawo rigima da rabuwa da ƴaƴa. Ba wasa ba ne. Haka nan kuskure ne a haɗa adon gerewol da daudanci na biranen Hausa, domin a wurin Boɗaaɗo wannan ado cikar samartaka ce.

Gerewol kwanaki ne ƙalilan a shekara. Sauran watannin jan guga ne a rijiya mai zurfi, da neman makiyaya tsakanin gonakin da ke ta haurowa arewa, da jimamin dabbobin da farin 1973 da na 1984 suka kashe. Wannan rayuwa ba ta cika samun mai saye a kasuwar hoto ba. Usman Sembene na Senegal ya taɓa gaya wa Jean Rouch a 1965 cewa masu irin wannan aiki suna kallon ƴan Afirka kamar ƙwari. Maganar ta yi tsauri ga Rouch, wanda ya horar da ƴan Nijar da dama, amma ta dace da mondo ba ragi.

Da kyamara ta dawo gida

Nijar tana cikin ƙasashen da suka fara silima da wuri a Afirka ta Yamma, kuma abin lura shi ne tun farko zancen aure ta kama. Fim ɗin Mustafa Alasan na 1962 sunansa Aouré, wato aure. Umaru Ganda, tsohon sojan yaƙin Indocin wanda Rouch ya sa a Moi, un Noir a 1958, ya fito da Cabascabo a 1968, labarin sojan da abokai da matan bariki suka cinye kuɗin sallamarsa. Sai Le Wazzou polygame, wanda ya ci kyautar Étalon de Yennenga ta farko a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Wani Alhaji ne ya dawo daga Makka, yana da mata biyu, ya ƙyalla ido ya ga Satu, budurwar da aka yi wa Garba alkawari, ya sa dukiya da rawani ya karɓe ta, kishi kuma ya kai ga zubar da jini. A Saïtane, na 1972, wani malamin tsibbu ne ke kawalci tsakanin matar aure da attajirin da ke nemanta. A shekarar nan Mustafa Alasan ya fito da F.V.V.A., wato mace, gida, mota, kuɗi, labarin ƙaramin ma'aikacin da son burga ya kai shi ga taɓa kuɗin ofis.

Ga zina, ga karuwanci, ga auren dole, ga kisan kishiya, duk abin da mai mondo zai yi murna da shi. Amma Ganda da Alasan ba su tuɓe kowa ba. Mutanensu suna da suna, suna magana da harshensu, kuma kyamarar ta juya ta dubi wanda ya dace a duba: Alhajin da ya mai da hajji tsanin auren ƴar cikinsa, iyayen da suka sayar da alkawari, malamin da ya mai da allo da tawada hanyar cin abinci. Mai kallo a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ya gane kawunsa a allo, ya yi dariya, ya kuma ji kunya. Wannan aiki ya fi kusa da na ƴan kama da ƴan gambara da tatsuniyar Gizo, waɗanda ke faɗa wa manya gaskiya cikin wasa.

Duk da haka waɗannan finafinai sun zama baƙi a garinsu. Kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba finafinai a yankin, kuma hajarsu ita ce kaboyi da Indiya da ƴan karate. Gidajen silima na manyan birane ne. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, a cikin shekarun da suka biyo baya kuma harkar ta durƙushe. Lokacin da kaset ɗin bidiyo ya shiga ƙauyukan Damargu, finafinan Kano ya kawo, ba Saïtane ba.

Wadda ta biya bashin

Akwai mutum ɗaya da ta ɗauki nauyin wannan ƙarfin hali fiye da kowa. Zalika Sule, haifaffiyar Yamai a 1947, ta fara fitowa a Le Retour d'un aventurier na Mustafa Alasan a 1966, tana da shekara 19. Ita ce ta fito a Cabascabo da Le Wazzou polygame da Saïtane da F.V.V.A., kuma sau da yawa matsayin macen banza aka ba ta. Jama'a da dama ba su raba wasa da gaskiya ba. Mazan da suka fito a matsayin mazinata da mashaya sun koma gida da mutuncinsu, ita kuwa ta sha zagi da tsangwama. Da harkar ta mutu sai talauci ya biyo baya. Fim ɗin Rahmatu Keita, Al'lèèssi, une actrice africaine, na 2004, ya same ta a wani ɗan gida a Yamai marar famfo, tana renon ƴaƴanta. Ta rasu ranar 27 ga Yuli 2021.

Idan aka jera matan gidan Sarki Barmu, da budurwar gerewol, da Zalika, za a ga zare ɗaya. Na farko an ɗauke su ba a tambaye su ba, ta biyu an ɗauke ta an yi mata fassarar da ba tata ba, ta uku ta yarda da kanta don a gyara al'umma, al'ummar ta juya mata baya. Halin bai ƙare ba: a 2016 ƙungiyar masu shirya finafinan Hausa ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda wani bidiyon waƙa da ta fito a ciki tare da namiji. Laifin tudu ne, a kan mace ake tsayawa a hango shi.

Kammalawa

Waɗannan tsofaffin finafinai shaidun tarihi ne, har da munanan cikinsu, domin suna nuna yadda aka kalli mutanen wannan ƙasa da kuma yadda suka kalli kansu. Tun 2017 akwai shirin haɗin gwiwa tsakanin gidauniyar Martin Scorsese da ƙungiyar FEPACI da UNESCO na gyara tsofaffin finafinan Afirka guda 50, abin da ke nuna cewa farfaɗo da irin wannan gado mai yiwuwa ne. Amma gyaran fim a Turai bai wadatar ba idan bai iso inda aka ɗauke shi ba. Malaman makarantun Tanut da Belbeji da ƙungiyoyin al'adu suna da hurumin neman kwafin ayyukan Ganda da Alasan su nuna wa ɗalibai, su kuma nemi finafinan gerewol su kai su rugage, inda mai yiwuwa wani dattijo zai gane mahaifinsa cikin sahun masu rawa, ya faɗi sunansa da zuriyarsa, a rubuta.

Tambayoyin da za a koya wa ɗalibi kaɗan ne: wa ya ɗauki hoton, wa ya ba da izini, wa ya kalla, wa ya karɓi kuɗin. Yau kyamara tana aljihun kowane saurayi a kasuwar Tanut, kuma hoton budurwa a gidan biki yana iya kaiwa Kano da Agadas kafin a watse. Waɗannan tambayoyi huɗu sun hau kansa kamar yadda suka hau kan Léon Poirier a Tasawa a 1924.